Yadda za ka ceci tsofaffin hotunan gidanku daga laimar Legas, ka adana su a kwamfuta

Ranar 10 ga Yulin 2011, da aka wuni ana tafka ruwa a Legas, ruwa ya shigo mana tsakar gida a Agege har ya kai ɗakin Hajiya. Mun ɗage katifa, mun ɗage buhun shinkafa da talabijin, amma babu wanda ya tuna da adakar da ke ƙarƙashin gado. Sai bayan kwana takwas muka buɗe ta. Hotunan da ke ƙasa sun manne sun zama dunƙule guda, funfuna ta yi musu fari-fari kamar an barbaɗa gari, kuma duk wanda ka ɗago sai fuskar mutum ta saɓule ta bi bayan na samansa. A cikinsu har da hoto ɗaya tilo na mahaifinmu yana saurayi, wanda ya ɗauka satin da ya sauka daga jirgin ƙasa a Iddo. Hajiya ba ta ce uffan ba, ta dai daɗe tana riƙe da dunƙulen a hannu.

Abin da ya tsira, kusan hoto 900, shi na bi ɗaya bayan ɗaya na mayar cikin kwamfuta, daga baya kuma na taya wasu gidaje a unguwa yin nasu. Abin da na koya ke nan zan shimfiɗa a nan.

Abu biyu ke cin tsohon hoto a garin nan. Laima tana cin takardar, domin iskar Ikko ba ta rabuwa da danshi, ko ba a ruwa. Mutuwa da mantuwa kuma suna cin sunayen waɗanda ke ciki. Na'ura maganin na farko kawai take yi. Shi ya sa matakan nan ba da sayen kaya suka fara ba.

Tattaro su, amma kada ka ɓare komai tukuna

Fara da zagaye gida. Akwai na cikin albam, akwai na ambulan ɗin ɗakin hoto, akwai waɗanda aka soke a jikin madubi, da na cikin tsohon fasfo da jakar Hajji, da manyan da ke rataye a firam. Tambayi yayye da gwaggwanni, har waɗanda suka koma Arewa, domin sau da yawa hoton da ya lalace a wajenku akwai ɗan'uwansa a Kano ko Katsina. A da idan an wanke hoto, ana wanke biyu ko uku a aika gida.

Kafin ka cire ko da hoto ɗaya daga albam, ɗauki hoton kowane shafi da wayarka yadda ka same shi. Wanda ya jera su yana da dalili: hotunan biki ɗaya suna wuri ɗaya, na gidan Kawu suna wuri ɗaya. Idan ka wargaza jerin, ka zubar da rabin bayanin. Haka ambulan: kada ka jefar, domin a jikinsa akan sami sunan ɗakin hoton da adireshinsa, wani lokaci har da kwanan wata. Idan ka ci karo da nagatif, wato fim ɗin da wasu ke kira dodon hoto, ka keɓe shi, za mu zo kansa.

Sai ka raba su kashi uku a kan tabarma mai tsabta. Lafiyayyu gefe guda. Masu rauni, wato yagaggu, waɗanda suka lanƙwashe, da waɗanda suka manne da gilashi ko da juna, gefe guda. Masu funfuna kuma ka ware su nesa cikin jakarsu daban, domin funfuna tana yaɗuwa daga wannan zuwa wancan.

Daga nan ba kowane hoto lamba. Da fensir mai taushi, irin 2B zuwa 6B, rubuta ƙaramar lamba a kusurwar bayan hoton, a hankali, a kan tebur mai tauri don kada sawun rubutun ya fito ta gaba. Kada ka yi amfani da biro ko maka. Tawada tana ratsa takarda, tana kuma shafar fuskar hoton da aka ɗora a ƙasa. Wasu hotunan kala bayansu santsi ne da shi, fensir ba ya kamawa; irin waɗannan sai ka rubuta lambar a guntuwar takarda ka sa su ambulan ɗaya.

Zama da manya

Wannan ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi aka fi jinkirtawa, ana cewa sai an gama sikanin, wato kwafe hotunan zuwa kwamfuta da na'urar sikana. Kada ka jira. Hoto zai iya jiran wata shida a akwati. Tsohuwar da ta san kowa a cikinsa ba ka da tabbacin za ta jira.

Ɗauki hoto ashirin ko talatin, kada su fi haka, ka sami Hajiya ko Baba lokacin da suke da natsuwa, bayan la'asar ko bayan isha'i. Nemi izini ka kunna na'urar naɗar murya ta wayarka. Kafin ka miƙa kowane hoto, faɗi lambarsa da ƙarfi yadda za ta shiga cikin naɗin: "Hoto na 47." Sannan ka bar su su yi magana. Kada ka riƙa katse su da tambayar shekara, domin manyanmu ba da lamba suke lissafi ba, da abin da ya faru suke yi. Gwaggona ta kalli wani hoto ta ce, "Wannan ai sunan yayarka ne, ina goyon na biyu, shekarar da aka kashe Murtala." Ka ga ta ba ni 1976 ke nan. Idan aka ce shekarar FESTAC, bikin al'adun baƙar fata da aka yi a Legas, 1977 ce. Hawan Shagari 1979. Fashewar bama-baman barikin Ikeja Janairun 2002. Idan aka ce maka shekarar canjin kuɗi, tambaya wanne: na barin fam da sule zuwa naira a 1973, ko na sauya launin takardun naira a 1984.

Hoton kansa ma yana ba da shaida. Idan motoci suna bin hagu a titi, an ɗauke shi kafin Afrilun 1972, lokacin da Najeriya ta koma tuƙin dama. Idan ana ganin sabon Babban Masallacin Legas a baya, to ba a ɗauke shi kafin ƙarshen shekarun 1980 ba, tunda a 1988 aka buɗe shi. Baƙi da fari mai farin gefe da aka yanka haƙora-haƙora galibi na shekarun 1950 da 1960 ne, mai kala da aka zagaye kusurwoyinsa kuma na shekarun 1970 zuwa farkon 1980. Jan kwanan watan da wasu kyamarori ke bugawa a ƙasan hoto yana taimakawa, amma kada ka rantse a kansa, don masu kyamara da yawa ba su saita agogonta ba. Hoton Sallah kuma duba yanayinsa. Sallah tana ja baya da kusan kwana 11 kowace shekara, saboda haka idan Hajiya ta tuna Babbar Sallar ta faɗo cikin hunturu ne ko tsakiyar damina, ka rage yawan shekarun da za ka yi zato a kai.

Tambayi suna cikakke, da sunan da aka fi sanin mutum da shi. A gidajenmu akwai alkunya: uwa ba za ta faɗi sunan ɗan farinta ba, mace ba za ta kama sunan mijinta ko surukinta ba. Kada ka matsa. Rubuta laƙabin da ta faɗa, ka nemi sunan yanka a bakin wani. Ka kuma tambayi asali: wannan daga wane gari ya zo, fataucin goro ne ya kawo shi ko na shanu, a gidan wa ya sauka a Zango, wa ya aura. Nan da shekara talatin, jikan da aka haifa a Idi-Araba ko Obalende wannan ne zai so ya sani, ba launin rigar ba.

Idan manya biyu suka saɓa a kan hoto ɗaya, rubuta maganar kowa da sunansa. Kada ka zaɓa musu. Duk abin da aka faɗa, ka kwafe shi cikin littafi a gaban lambar hoton a daren nan, tun kana iya tuna wanda aka nuna da yatsa.

Tsaftacewa

Wanke hannu da sabulu, ka busar sosai, kada ka shafa mai. Riƙe hoto ta gefensa. Ƙura kawai za ka cire, da buroshi mai laushi, irin sabon buroshin kwalliyar mata da ba a taɓa amfani da shi ba. Ban da ruwa, ban da sifirit, ban da kananzir, ban da hura masa iska da baki.

Masu funfuna ka fitar da su waje cikin inuwa, ka rufe hanci da baki, ka bar su su bushe ƙayau, sannan ka kakkaɓe da buroshinsu daban. Tabon da ya rage ba zai fita ba, domin funfunar ta riga ta ci fatar hoton. Goge shi da tsumma ƙara ɓarna ne.

Albam mai gam, wanda ake ɗaga farar leda a liƙa hoto a kan shafi mai danƙo, shi ne babban mugu. Gam ɗin yana tsufa ya koma ruwan ƙasa ya kama hoton gam-gam. Idan kusurwa ta ɗago da sauƙi, zura siririn zare mai santsi, irin na sakace, a ƙarƙashi, ka riƙa ja hagu da dama a kwance har ya rabu. Idan ya ƙi, bar shi, ka yi sikanin shafin gaba ɗaya. Haka hoton da ya manne da gilashin firam: kada ka ja. Goge gilashin ta waje ka ɗauke shi yadda yake. Garin neman gira ne ake rasa ido a nan.

Abu ɗaya da zan roƙe ka da babbar murya: kada ka kai tsohon hoto a yi masa lamineshin. Mutane na yi da niyyar kare shi daga ruwa, amma zafin injin da gam ɗin ledar suna shiga jikin hoton, kuma ba a cirewa. Ni kaina na kai hoton auren iyayenmu wani shago kafin in san haka. Yau gefensa ya yi kumfa, launinsa ya dame a ƙarƙashin ledar. Salatif ma haka: kada ka liƙa yagaggen hoto da shi. Jera guntayen kusa da juna a kan gilashin sikana, haɗewar a kwamfuta ake yi.

Sikana ko waya?

Idan hotunan sun haura ɗari biyu ko uku, sikana mai shimfiɗaɗɗen gilashi ta fi. Ƙananan irin Canon LiDE da Epson V39 daga kwamfuta suke shan wuta ta wayar USB, saboda haka ko an ɗauke wuta, muddin laftof na da caji, aiki na tafiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Legas. Irin Epson V600 ta fi girma da tsada, tana buƙatar soket, amma tana da fitila a murfi da take karanta nagatif, kuma ta fi iya ɗaukar hoton da bai kwanta sosai a gilashi ba. Ana samun sabbi da na hannu a Computer Village da ke Ikeja da kasuwar Alaba. Idan ta hannu za ka saya, tafi da laftof ɗinka da hoto ɗaya da farar takarda. Yi sikanin farar takardar ka buɗe ta da girma: idan ka ga layi ya ratsa daga sama har ƙasa, ko tabon da ke cikin gilashin ta ƙasa, ajiye musu. Ka tabbata kuma manhajar da ke tuƙa ta tana aiki da kwamfutarka kafin ka biya. Gidaje uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya su riƙa karɓa-karɓa. Haka muka yi.

Kada ka sa tsohon hoto a bakin injin fotokofi mai jan takarda da kansa; yana karce shi, yana iya yaga shi. Idan kuma shagon kwamfuta za ka kai, je da kanka ka tsaya, ka faɗi saitin da kake so, ka ƙirga hotunanka kafin da bayan aiki, ka ga an goge kwafin daga kwamfutarsu. In ba ka faɗa ba, saitin takardun ofis za su yi maka, su haɗa su cikin PDF, wanda ba shi ne ake so ba.

Saitin sikana

Lambar da za ka fi kula da ita ita ce dpi, wato yawan ɗigon da na'ura za ta karanta a kowane inci na hoton. A 300 za ka iya sake buga hoton daidai girmansa. A 600 za ka iya ninka shi biyu ba tare da ya dushe ba, kuma nan nake ba da shawarar ka tsaya ga yawancin hotuna. Hoto mai inci 4 da 6 a kan 600 yana ba da ɗigo 2400 da 3600. Ƙananan hotunan fasfo, waɗanda sau da yawa su kaɗai ne abin da ya rage na kakanni, ka kai su 1200. Nagatif kuma 2400 zuwa 3200, tunda galibi faɗinsa milimita 24 da 36 ne kacal. Idan yana da lafiya, abin da zai ba ka ya fi na takardar kyau nesa ba kusa ba.

Ko hoton baƙi da fari ne, yi sikaninsa da kala. Tsohon hoto yana da ɗan ja-ja ko ruwan ƙasa wanda yake cikin kamanninsa, kuma cire tabo daga baya ya fi sauƙi idan da kala aka ɗauka. Kashe duk gyaran da manhajar ke yi da kanta, na ƙara kaifi, na gyara launi, na share ƙura. Kana son abin da ke kan takardar ne yadda yake.

Wajen ajiye fayil akwai TIFF da JPEG. TIFF ba ya zubar da komai, amma yana da nauyi: hoton nan na inci 4 da 6 zai kai kusan megabait 26, wato hoto 1,000 zai ci kusan gigabait 26. JPEG yana matse hoto ya koma 'yan megabait, sai dai duk lokacin da ka gyara ka sake ajiyewa, yana ƙara rasa inganci. Abin da na yi shi ne: hotunan da ba su da na biyu, na kakanni, na aure, na Hajji, TIFF; sauran na taron biki da yawon Bar Beach, JPEG a matakin inganci mafi girma.

Goge gilashin da ƙyallen goge tabarau kafin ka fara, ka sake gogewa bayan kowane hoto goma. Ana iya jera biyu ko uku a lokaci guda, ƙanana har huɗu, da ɗan fili a tsakaninsu. Kada ka yanke gefen hoton. Bar farin bakinsa ya fito. Idan akwai rubutu ko hatimi a baya, juya ka yi sikanin bayan ma. Na sami hotunan da mahaifinmu ya yi wa rubutun ajami a baya, kuma yau wannan rubutun ya fi min gaban hoton daraja. Yi masu funfuna a ƙarshe, ka tsaftace gilashin sosai bayansu.

Kada ka ce za ka gama a mako guda. Hoto talatin zuwa arba'in a zama ɗaya ya isa. Bayan haka ido na gajiya, lambobi su fara cakuɗewa.

Idan da waya za ka yi

Waya mai kyamara mai kyau tana iya aikin, kuma ga manyan hotunan firam da waɗanda takardarsu ke da ƙurji-ƙurji kamar saƙar zuma, ta ma fi sikana, domin fitilar sikana tana fito da ƙurjin. Sirrin duka haske ne. Nemi baranda ko bakin taga da hantsi, inda akwai haske sosai amma rana ba ta dukan wurin. Kashe filasha. Shimfiɗa hoton a kan baƙin ƙyalle ko kwali marar sheƙi. Goge idon kyamarar. Wayar ta kasance sama da hoton daidai, a kwance kamar yadda hoton yake a kwance. Idan ta karkata, fuska za ta yi tsawo ko faɗi. Hannu yana rawa, saboda haka ɗora wayar a bakin kujera ko a kan tarin littattafai, idon kyamarar ya leƙo ƙasa, ka sa mata ƙidayar daƙiƙa uku. Kada ka ja hoton kusa da yatsa biyu a allo. Matso da wayar har hoton ya kusa cika allon. Sa riga mai duhu, domin farar shadda tana fitowa a jikin gilashi da hoto mai sheƙi.

Ga wanda ƙyalli ya ƙi barinsa, akwai manhajar PhotoScan ta Google, kyauta ce. Tana sa ka matsa wayar zuwa ɗigo huɗu, ta haɗa ɗaukar ta cire ƙyallin. Na lura abin da take fitarwa bai kai ɗaukar kyamara kai tsaye kaifi ba, don haka ga hoto mai muhimmanci nakan yi duka biyun.

Suna, folda, da gyara

Fayil mai suna IMG0047 ba ya gaya wa kowa komai. Fara sunan da shekara, sai lamba, sai bayani gajere: 1976_0047_sunan-Yaya_Agege. Idan ba ka da tabbacin shekarar, rubuta 1970s ko kimanin-1980. Bayan hoton ya ɗauki suna iri ɗaya da ƙarin "baya". A sunan fayil nakan guje wa haruffa masu ƙugiya, domin wasu na'urorin suna mayar da su alamar tambaya. Lambar ita ce igiyar da ta ɗaure abu huɗu: takardar asali, fayil, littafin bayani, da naɗin murya. Littafin ma ka buga shi a kwamfuta, ka ajiye shi da muryoyin a folda ɗaya da hotunan.

Buɗe folda biyu manya. Ɗaya sunanta ASALI, kuma ba a taɓa abin da ke cikinta har abada. Ɗaya sunanta GYARA, a nan ake kwafowa a yi duk abin da ake so. Hotunan kala na shekarun 1970 da 1980 yawanci sun koma ja ko ruwan goro, saboda rinin shuɗi-kore da ke cikinsu ya fi saurin koɗewa. Ɗan gyaran launi a manhaja kyauta kamar GIMP ko Snapseed yana dawo da su sosai.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke sabunta fuska kuwa, a yi hattara da su. Ba fito da abin da ya ɓoye suke yi ba, zana sabuwar fuska suke yi bisa zato. Na gwada da hoton kakarmu: ta fito da santsin fata kamar budurwa, amma tsagar da ke kumatunta ta ɓace, an ɗauke ta karce ne an share. Tsagar nan ita ce ke faɗin garin da ta fito. Da na nuna wa Hajiya, cewa ta yi, "Wannan ba Inna ba ce." In za ka yi, yi don nishaɗi, ka rubuta a sunan fayil ɗin cewa gyararre ne, kada ya shiga dangi a matsayin na ainihi.

Inda za ka ajiye

Kwafi uku, a wuri daban-daban, ɗaya daga ciki ba a gidan ba. Na farko a kwamfuta. Na biyu a rumbun ajiya na waje, wanda ake jona wa kwamfuta a cire. Kada ka bar shi a jone, domin wutar da ta dawo da ƙarfi tana iya ƙone su tare. Na uku a intanet ko a wani gari. Asusun Google yana ba da gigabait 15 kyauta, amma da Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke ci, kuma kamfanin ya ce yana iya goge asusun da aka bari shekara biyu ba a shiga. Ɗora fayilolin asali a Drive, inda ba a matse su, ka kuma ba wani amintacce a gida hanyar shiga, don kada kalmar sirri ta tafi da mutum ɗaya. Mu mun ƙara da ba wa ƙanena rumbu guda ya kai gidan Kawu a Kano da ya je Sallah.

Fulash da katin memori na ɗaukar kaya ne daga nan zuwa can, ba na ajiyar shekaru ba. Akwai kuma na jabu a kasuwanni, waɗanda ke nuna girman da ba su da shi. Sai ka cika su, washegari fayiloli su ƙi buɗewa. Gwada sabo da manhajar H2testw kafin ka amince masa. Sau ɗaya a shekara ka jona rumbun ka buɗe hotuna kaɗan ka gani, bayan shekara biyar ko makamancin haka kuma ka kwafe zuwa sabo.

WhatsApp da Facebook ba ma'ajiya ba ne. Suna matse hoto. Idan za ka tura wa ɗan'uwa cikakke ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, ba ta wajen hotuna ba. Kafin ka saki wani hoto a zauren dangi, tsaya ka tambaya. Akwai hoton 'yanmatancin Gwaggo ba mayafi, akwai na auren da ya mutu, akwai na mamacin da ganinsa ba shiri zai tayar wa wani da ciwo, akwai kuma dattijon da tun asali ba ya son hotonsa ya yawata. Mai hoton, ko magajinsa, shi ke da ta cewa.

Takardun asali

Kada ka zubar da su don ka yi sikanin. Cire robali, fil da duk ƙarfen da zai yi tsatsa. Sa farar takarda mai kyau tsakanin masu muhimmanci, ban da jarida, ban da kwalin da ya yi ja. Guji albam mai ledar da ke warin sabon labulen banɗaki, irin wannan ledar tana fitar da mai ta manne wa hoto. Zuba su a akwatin roba mai murfi da ke rufuwa sosai, tare da ƙullin silika, 'yan ƙananan ƙunshin nan da ake samu a kwalin takalmi da kayan lantarki, ka riƙa sauya su. Yi wannan rufewar a Disamba ko Janairu, lokacin da ɗan hunturun da ke isowa Legas ya busar da iska. Idan ka rufe a Yuni, danshin ka kulle a ciki. Ɗora akwatin a saman kabad, nesa da bangon waje, da kicin, da banɗaki, kuma ba cikin silin ba, saboda zafin kwano da ɓera. Wanda ke rataye a falo, buga sabo daga sikanin ka rataya, na asalin ya huta a duhu.

Idan kuma ruwa ya riga ka shiga, kwana biyun farko su ne komai, don bayansu funfuna ke kamawa. Ɗauki hoton duk wanda ake iya gani da waya nan take. Waɗanda suka yi laka, ɗauraye su a hankali cikin ruwa mai tsabta mai sanyi ba tare da taɓa fuskarsu ba. Waɗanda suka manne, bar su cikin ruwan na ɗan lokaci su saki juna da kansu tun suna jiƙe, ban da waɗanda aka buga da firinta mai tawada, su ruwa narkar da su yake yi. Shimfiɗa kowane ɗaya a kan ƙyalle mai tsabta, fuska sama, cikin ɗaki, ka kunna fanka. Ban da rana, ban da dutsen guga. Za su lanƙwashe, ba komai. Idan sun bushe sarai, sa su tsakanin fararen takardu ka danne da littafi mai nauyi na 'yan kwanaki.